Tarihin Yadda Likitoci Suka Gano Cewa Ciwon Suga Yana Cin Naman Zuciya



Idan aka ce wane yana da ciwon suga, abin da ke fara zuwa ranmu shi ne yawan fitsari, da ƙishirwa, da gyambon ƙafa mai ƙin warkewa, sai kuma raunin ido. Ba kasafai ake kawo zancen zuciya ba. Amma idan ka tambayi likitocin da ke duba masu wannan ciwo abin da ya fi yin ajalin majinyatansu, za su ce maka zuciya ce da jijiyoyin jini. Su kansu likitocin ba da wuri suka gane yadda abin yake ba. Sun daɗe suna kallon ɓangare ɗaya na ɓarnar, suna musun ɗaya ɓangaren, kuma wannan ɓangaren da aka yi ta musu shi ne ya fi shafar mutanenmu. Shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihin daga farko.

Ciwon suga tsohon ciwo ne. Akwai wata takardar likitanci ta Masar, tun zamanin Fir'aunoni, wadda aka rubuta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, da ta ambaci maganin yawan fitsari. Likitocin Indiya na da sun lura kiyashi na taruwa a kan fitsarin wasu marasa lafiya, sai suka raɗa wa ciwon suna fitsarin zuma. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo bayaninsa a littafinsa Al-Ƙanun. Hankalin magabata duk yana kan fitsari, har Galen, likitan da aka yi ƙarnoni ana bin maganarsa, ya ɗauka ciwon ƙoda ne. Sai a 1889, a birnin Strasbourg, wasu likitoci biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa kare fankiriyas, wato wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, sai karen ya kamu da ciwon suga mai tsanani. Nan aka gane inda asalin matsalar take. Ku riƙe sunan von Mering ɗin nan, zai sake dawowa.

Shekara takwas kafin wannan gwaji, a 1881, wani likitan Jamus mai suna Ernst von Leyden ya rubuta cewa gazawar zuciya aba ce da ake yawan gani a jikin masu ciwon suga. Maganar ba ta yi nisa ba, kuma dalilin a fili yake. A wancan zamani yaron da ya kamu da ciwon ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu, sai guba ta taru a jininsa ya yi doguwar suma ya cika. Wanda mutuwa ke jiransa a bana, wa zai tsaya auna abin da zuciyarsa za ta zama nan da shekara ashirin?

Insulin ne ya sauya lissafin. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso shi a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa. Yaron da aka fid da rai da shi ya ƙara shekara 13 a duniya. Jama'a suka ɗauka an gama da ciwon suga. Ashe wani sabon babi aka buɗe. Elliott Joslin na Boston, wanda ya riƙa ajiye bayanin kowane majinyaci da ya duba, ya ga mutuwar doguwar suma tana raguwa sosai, mutuwar zuciya da ƙoda da jijiyoyin jini tana maye gurbinta. Mutane sun samu tsawon kwana, ciwon kuma ya samu lokacin da zai yi aikinsa a hankali.

A nan sai mu raba abubuwa biyu da mukan haɗa mu kira su ciwon zuciya. Zuciya tsoka ce, kuma tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini, waɗanda suka kewaye ta ta waje. Idan kitse ya toshe ɗaya daga cikinsu, ɓangaren tsokar da yake ciyarwa ya mutu, shi ne bugun zuciyar da ke kayar da mutum farat ɗaya. Gazawar zuciya kuwa daban take. Zuciyar ba ta tsaya ba, tana bugawa, amma ba ta iya kwashe jinin da ke zuwa mata ta tura shi yadda jiki ke buƙata. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Mutum ya riƙa haki in ya hau bene ko ya sunkuya, takalminsa ya matse shi da yamma, ya koma tara matasan kai biyu ko uku saboda in ya miƙe sosai numfashi sai ya gagara.

Likitocin tsakiyar ƙarni na 20 sun yarda ciwon suga na toshe jijiyoyi. Abin da suka tsaya a kai shi ne: suga ya toshe jijiya, jijiya ta kashe tsoka, tsoka ta gaza. Idan babu toshewa, to hawan jini ne. Idan babu hawan jini, to ƙyauren zuciya ne ya lalace. A ganinsu babu hanya ta huɗu. Wani likitan Denmak, Knud Lundbaek, ya fara jan hankali tun 1954 cewa ciwon suga na da tasa irin ɓarnar ta musamman a ƙananan jijiyoyi, har da na zuciya, amma ana buƙatar hujjar da ido zai gani.

Hujjar ta zo a 1972 daga wata likita a New York, Shirley Rubler, tare da abokan aikinta. Sun duba gawarwakin mutum 27 waɗanda ciwon suga ya lalata wa ƙoda. A cikinsu suka samu huɗu da suka yi fama da gazawar zuciya, zukatansu sun yi girma fiye da ƙima, amma manyan jijiyoyinsu a buɗe suke, ƙyamaren zuciya lafiya lau, kuma babu hawan jinin da za a ɗora wa laifin. Da suka sa yankan tsokar a madubin likita, sai suka ga ƙwayoyin naman sun yi kauri, tabo kuma ya ratsa tsakaninsu, irin jijiyar nan da mahauci ke tsincewa daga nama. Suka ce wannan wani sabon nau'in ciwon tsokar zuciya ne, kuma ciwon suga ne ya jawo shi.

Mutum huɗu kacal. Ni ban ga laifin waɗanda suka yi shakka a lokacin ba. Da huɗu ba a kafa ƙa'ida, balle ga mutanen da ƙodarsu ma ta riga ta lalace. Abin da ya ceci maganar Rubler shi ne wani babban bincike da aka fara tun 1948 a wani ƙaramin gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts. Amurka ta shiga damuwa kan ciwon zuciya bayan rasuwar Shugaba Roosevelt a 1945, wanda hawan jini ya gajiyar da zuciyarsa kafin jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Sai aka ɗauki mutum 5,209 na wannan gari ana auna su duk bayan shekara biyu, ana jiran a ga wa zai kamu da me. A 1974 William Kannel da abokan aikinsa suka fitar da abin da suka gani game da ciwon suga. Namiji mai ciwon ya ninka wanda ba shi da shi fiye da sau biyu wajen haɗarin gazawar zuciya. Mace kuwa sau biyar. Da aka cire tasirin shekaru, da hawan jini, da ƙiba, da kitsen jini, da toshewar jijiyoyi, sai aka ga har yanzu haɗarin yana nan. Wannan adadi na mata ya kamata iyayenmu mata da masu kula da su su ji shi da kyau, domin a gidajenmu hakin mace da kumburin ƙafarta ba kasafai ake ɗaukarsu da nauyi ba. Sai a ce jiki ne, ko gajiyar aiki.

Daga nan tambayar ta koma: ta yaya? Timothy Regan a New Jersey ya sa wa karnuka ciwon suga, ya bi su har kusan shekara, ya tarar zukatansu sun yi tauri. A 1977 ya nuna irin wannan a jikin mutane. Taurin nan shi ne jigon labarin, don haka bari mu tsaya a kansa.

Ku tuna zugazugin maƙeri. Fatar tana da aiki biyu: ta buɗe ta sha iska, ta matse ta hura. Idan fatar ta bushe ta ƙandare, ko da hannun mai zuga yana da ƙarfi, iskar da za ta fito kaɗan ce, saboda tun farko ba ta buɗe ta cika ba. Haka zuciyar mai ciwon suga take farawa. Ƙarfin matsawarta yana nan, buɗewar ce ta yi wuya. Jinin da ke fitowa daga huhu sai ya yi ta jiran layi, ruwa ya riƙa tsatsafowa cikin huhun. Shi ya sa za a iya yi wa mutum hoton zuciya a ce masa tana matsawa daidai, alhali yana haki. Sai daga baya, ga wasu, zuciyar ta saki ta faɗaɗa, ƙarfin matsawar ma ya tafi.

Me ke busar da fatar? Abu na farko abincin zuciyar ne. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, ba hutu, don haka ba ta wasa da makamashi. Lafiyayyar zuciya takan samu mafi yawan ƙarfinta daga ƙona kitse, sauran daga suga, kuma tana iya juyawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon hali. Tun 1963 Philip Randle a Cambridge ta Ingila ya nuna cewa idan kitse ya yi yawa a jini, tsoka takan rage ƙona suga. Ga mai ciwon suga, insulin ba ya buɗe wa suga ƙofar shiga tsoka yadda ya kamata, kitse kuma na ta kwarara cikin jini. Sai zuciya ta zauna a kan kitse kusan zalla. Ga suga jibge a jini, ita kuwa ba ta amfana da shi. Ƙona kitse ya fi cin iskar oksijin, ya fi barin datti mai ƙona ƙwayoyin naman, abin da ya yi saura kuma sai ya taru a cikin tsokar ya zama guba.

Abu na biyu shi ne yadda suga ke manne wa nama. Wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912 abin da ke faruwa in suga ya haɗu da sinadarin nama: su ɗaure da juna su yi duhu. Shi ne abin da ke sa bayan burodi da gasasshen nama su yi ja. Ba wanda ya zaci haka na faruwa a jikin mai rai, sai da wani likitan Iran, Samuel Rahbar, ya ga wani baƙon nau'in jan jini a masu ciwon suga a Tehran a 1968. Daga baya aka tabbatar suga ne ya manne masa. Wannan shi ne asalin gwajin HbA1c da ake yi yau don a san yadda suga ya zauna a jini wata biyu zuwa uku da suka wuce. Irin wannan mannewa na faruwa a zare-zaren da suka riƙe tsokar zuciya. A hankali, shekara bayan shekara, zaren da ya kamata ya riƙa miƙewa yana komawa sai ya ɗaure da maƙwabcinsa ya sandare.

Akwai sauran hanyoyi. Kowace ƙwayar tsoka na matsewa ne idan kalsiyam ya kwararo cikinta, ta saki idan an kwashe shi, kuma ciwon suga na rage saurin kwashewar. Ƙananan jijiyoyin da suka ratsa cikin naman na yin kauri. Ƙoda na riƙe gishiri da ruwa. Jijiyoyin saƙo da ke gaya wa zuciya ta yi sauri ko ta lafa su ma suna lalacewa, kamar dai yadda na tafin ƙafa ke mutuwa. Wannan ne ya sa mai ciwon suga kan iya samun bugun zuciya ba tare da ya ji ciwon ƙirji ba, sai daga baya a ga tabon a gwaji.

Mai hankali zai ce to ai magani ya samu: a sauke suga, zuciya ta huta. Likitoci ma haka suka zata. Babban binciken Birtaniya da aka fara a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998 ya nuna sauke suga na kare ido da ƙoda, kuma bayanansa sun nuna masu ƙarancin HbA1c sun fi tsira daga gazawar zuciya. Amma da aka gwada matsa wa suga lamba da gangan, sai labari ya sha bamban. A 2008 aka dakatar da ɓangaren wani gwaji na Amurka da Kanada mai mutum fiye da 10,000 kafin lokacinsa, saboda waɗanda aka fi tsananta wa sauke suga sun fi mutuwa. Ga kuma wani magani mai suna rosiglitazone, wanda ya shigo kasuwa a 1999. Yana sauke suga ƙwarai, amma yana sa jiki riƙe ruwa, yana jefa masu raunin zuciya cikin gazawa. A 2007 aka tilasta sa masa gargaɗi mafi tsanani a Amurka, a 2010 Turai ta dakatar da shi. Ni a ganina wannan ne darasi mafi ɗaci a tarihin nan: an yi shekaru ana murnar adadin da ke kan na'urar awon suga, ba a tambayi zuciya ba.

Abin kunyar ya haifi alheri. A ƙarshen 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ce duk sabon maganin ciwon suga sai an gwada shi a ga ba ya cutar da zuciya. Kamfanoni suka shiga gwaje-gwajen ba da son ransu ba, fatansu dai a ce maganinsu bai yi illa ba.

Yanzu mu koma ga von Mering. Tun 1835 aka fitar da wani sinadari mai suna phlorizin daga ɓawon itacen tuffa. A 1886, shekara uku kafin gwajin karen nan, von Mering ya gano cewa wannan sinadari na sa suga fita ta fitsari. An daɗe ana amfani da shi a ɗakin gwaji kawai. Sai a wannan ƙarni aka ƙera magunguna daga tsarinsa, waɗanda ke hana ƙoda mayar da suga cikin jini. Ku duba ikon Allah: fitsari mai zaƙi, alamar da magabata suka san ciwon da ita, shi ne aka mayar hanyar magani.

A watan Satumban 2015, a wani taron likitoci a Stockholm, aka karanta sakamakon gwajin ɗaya daga cikinsu, empagliflozin, a kan mutum 7,020 masu ciwon suga da suka riga suka samu matsalar jijiyoyin jini. Kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35 cikin 100, mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyi ta ragu da kashi 38. Sugan da maganin ya sauke ba wani mai yawa ba ne, amfanin kuma ya bayyana cikin 'yan watanni, saboda haka ba sauke suga ne ya yi aikin ba. A 2019 aka gwada ɗan uwansa dapagliflozin a kan mutum 4,744 masu gazawar zuciya, fiye da rabinsu ba su da ciwon suga ma, ya yi wa kowa amfani. A 2021 aka nuna yana taimaka wa masu irin zuciyar nan mai tauri, waɗanda aka daɗe ba a da wani abin kirki da za a ba su. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan magunguna cikin jerin magungunan da ba a rasa su. Har gobe masana na muhawara kan ainihin yadda suke kare zuciya: ko fitar da gishiri da ruwa ne, ko sauƙaƙa wa ƙoda, ko sauya abincin tsokar. Kada dai wani ya karanta wannan ya nufi kemis. Suna jawo ƙaiƙayi da ƙwayoyin cuta a al'aura, suna iya busar da ruwan jiki, ga mai insulin ko mai rashin lafiya ko mai doguwar yunwa suna iya tara guba a jini ko da suga bai hau ba. Likita ne zai ce wa ya dace da su, kuma mai niyyar azumi ya faɗa masa tun da wuri.

Ina ruwanmu da wannan tarihi na Turawa? Gazawar zuciya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun yi bayanin yawanta a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. A 2012 aka fitar da wani bincike a kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, wato mutane ne masu ciyar da gida, ba tsofaffi tukuf ba. Hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Ke nan tsohuwar fahimtar nan ta cewa sai jijiya ta toshe zuciya ke gazawa, ba ta ma dace da mu ba. Mu tsokar ce ke shan wahala kai tsaye. Tun 1990 kuma wasu likitocin New York suka gwada zukatan mamata, suka ga na waɗanda suka haɗa hawan jini da ciwon suga sun fi nauyi, sun fi tabo, fiye da na masu ɗaya daga ciki.

Ciwon sugan kuma ƙaruwa yake yi. Binciken ƙasa na 1992 ya samu kashi 2.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya da shi, wani nazari na 2018 da ya tattara bincike-binciken da aka yi a faɗin ƙasar ya samu kusan kashi 6. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Mu da muke zaune a birane, wuni a shago ko a bakin sitiyari, ga shayi mai kauri da burodi da safe, ga lemon kwalba da rana, ba sai an faɗa mana ɓangaren da muke ba.

Har yanzu akwai likitocin da ke cewa da wuya a ware ɓarnar suga zalla daga ta hawan jini da ƙiba, tunda tare suke tafiya. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, amma ga majinyaci ba ta sauya komai, domin duka ukun ake so a riƙe. Abin da ya sauya shi ne yadda ake nema. A da sai ƙafa ta kumbura ake waiwayar zuciya. A 2022, shekara 50 cif bayan rahoton Rubler a kan mutanenta huɗu, ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu ciwon gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda ke auna wani sinadari da zuciya ke fitarwa idan ta takura, ko da mutum bai fara haki ba. Idan ya hau, sai a tura shi hoton zuciya na eko.